Ramin Biskit Mai Ƙofa Biyu

An kore ni daga gadi a farkon daminar bana. Shekara goma sha ɗaya na yi a bakin get ɗin wannan gida a Inugu. Dalilin korar wata dabba ce da ba ta kai tsawon hannuna ba.

Sunansa Biskit. Ifoma, 'yar Madam mai gidan, ita ta zo da shi daga ƙasar Turawa da ta gama karatu. Feret suke ce wa irinsa. In ka san tunku, to ka ja shi ya yi tsawo, ka cire masa hankali, ka zuba masa warin bodari. Ka samu feret. Yana da takardun tafiya masu hatimi. Ni ba ni da su. Abincinsa ɗanyen naman kaza da wani tsaki da ake aiko masa a leda daga waje. Ba ya jure zafi. In an ɗauke wuta ni ake ƙwala wa kira in tada janareta, kada na'urar sanyaya ɗakinsa ta tsaya. Wuni yake yana barci. In ya farka ya yi 'yan tsalle-tsalle kamar mai iskokai, ya yi kashi a kusurwa, ya koma ya kwanta.

Wata safiya Ifoma ta same ni a bakin get da waya a hannu. Da Turancin Buroka muke magana da ita, don ba ta jin Hausa.

"Baba Haruna, za ka iya yin wannan?"

Na duba. Wata Baturiya ce zaune a ƙasa tana yanka robobi tana jona su, irin dabbar tana shiga ta nan tana ɓullowa ta can.

"Na mene ne?"

"Na wasa. Likita ya ce Biskit yana cikin damuwa."

"Damuwa."

"E. Zaman keji ya ishe shi."

Na ce zan iya.

Ta sa aka fito min da kaya daga sito: bokitan fenti uku, manyan gorunan ruwa na roba, da jarkoki goma sha biyu na man girki, masu ruwan ɗorawa. Na ɗaga ɗaya na hura mata iska na toshe bakin. Ba ta yoyo. Duk haka suke, ko ƙwarzane babu.

Kafin gadi shekara tara na yi ina tura ruwa a unguwar Asata. Duk wanda ya zauna Inugu ya san abin da ruwa yake a garin nan da rani. Mai ruwa ba ya yanka jarka. In ta huje ya ɗora wuƙa a wuta ya narkar da guntun roba ya liƙe. Ta sake hujewa ya sake liƙewa, har ta koma kamar rigar mahaukaci. Ko kurar da nake tura ruwan da ita ban sayar ba da na samu gadi. Tana ɗaure da sarƙa a bayan masallacinmu na Asata. Duk Juma'a in na je salla sai in ɗiga wa ƙafafunta baƙin mai. Abokina Isiya mai sayen bola yakan ce, "Tsoho, wannan amaryar taka yaushe za ta tare?"

Na ce wa Ifoma, "Anti, waɗannan lafiyayyu ne. Bari in karɓo fasassu wurin Isiya."

"Na bola? Allah ya kiyaye. Wa ya san abin da aka zuba a cikinsu?"

Shi ke nan. Kayanta ne.

Kwana huɗu na yi a bayan gida. Na wanke kowace jarka sau uku da sabulu da ruwan zafi har maiƙon ya fita. Na hura gawayi na ɗora wuƙa. In ta yi ja sai in zagaye gefen jarkar in cire faifai guda, in juya in cire na ɗaya gefen. Sai in bi bakin yankan da wuta ya kwanta, kada ya ƙwarzane ɗan gata. Gorunan ruwa na yanke musu kai da gindi, su ne wuyan da ke tsakanin jarka da jarka. Bokitan fenti su ne ɗakuna. Ifoma ta kawo salatif, na ajiye shi gefe, na tsaga tsohon tif na mota na ɗaure mahaɗan da shi. Da jan ƙusa na huda ƙofofin iska.

Zafi ake yi irin na gab da saukar ruwa. Hadari ya haɗu da la'asar, ya yi ruri, ya watse. Rana ta uku aka ɗan yi yayyafi, jar ƙasar nan ta tashi da ƙamshi. Ina durƙushe, hannuna cikin jarka har kafaɗa ina lalube ko akwai kaifi. Kuncina a ƙasa. Sai na ji ni a wani wuri. Haka na taɓa durƙusawa, da hannu a rami har kafaɗa, shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce.

Ina da shekara ashirin lokacin, a ƙauyenmu can arewa da Katsina. Babanmu ya riga ya rasu. Gidan yana hannun wana, Yaya Sale. Akwai Inna, akwai matarsa Hanne, da 'yarsu Ladi tana shan nono.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Muka yi shuka muna dariya. Gero ya fito ya kai taƙi guda, sai sama ta rufe. Kwana talatin. Shukar ta murɗe ta ƙone. Aka yi ruwa ɗaya, muka zuba sauran irin. Ta sake rufewa. Karo na uku babu irin da za a zuba, an riga an daka shi.

Sama fara fat kamar an shanya alawayyo. Da yamma hadari ya taso daga gabas, gari duka a fito a tsaya ana kallo. Iska ta zo da zafi kamar daga bakin maƙera ta kwashe shi. Kowa ya koma gida.

Daga ci uku muka koma ci ɗaya. Daga tuwon gero muka koma na dusa. Daga nan sai tafasa da zogale a dafa a ci haka nan, ba ƙuli, wani lokaci ba gishiri. Awaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Mata suka shiga tona gidan tururuwa suna sheƙe ƙasa don 'yan ƙwayoyin hatsi. Yunwa kwanan farko ciwo take yi. Bayan nan ba ciwo, sai nauyi. Ka ɗaga ƙafa kamar ta wani ce.

Mu maza muka koma wa gafiya. A garinmu da, ba kowa ke cin ta ba. Aka tambayi liman. Ya ce, "Ku yanka da sunan Allah. Wanda ya ƙoshi ya zo mu yi gardama."

Kullum tsarin ɗaya ne. Mu yi sallar asuba. Inna ta ba mu ruwan zafi da 'yar tsamiya. Mu ɗaure ciki da igiya. Yaya Sale ya ɗauki dagi da fartanya, ni in ɗauki kaskon garwashi da busasshen kashin shanu da faifai da gora. Mu fita kafin rana ta yi kaifi.

Yaya Sale ya san gafiya kamar tare suka tashi. Shi ya koya min gidanta. Akwai zaure, akwai ɗakin kwana da ciyawa, akwai rumbu inda take tara abin da ta sato a kumatu, akwai wurin kashi daban. Ta fi wasu mutane tsari. Sannan akwai ƙofa ta biyu. Wannan daga ciki take haƙo ta, ta zo gab da sarari ta tsaya, ta bar ɓawon ƙasa kaurin yatsa. Daga waje ba ka ganin komai. Ba ta taɓa ta, ba ta bi ta nan, sai ranar da mutuwa ta shigo ta zaure. Ana gano wurin da buga diddige a ji ƙasa ta amsa, ko a ga ɗan siririn hayaƙi yana tsiyaya. Yaya Sale ke turara hayaƙi a zaure yana fifitawa. Ni ke tsaron ƙofa ta biyu da gora.

Wata rana muka samu babban rami a gindin gawo. Kwana biyu ba mu kama komai ba. Ladi ta daina kuka, sai dai ta buɗe baki. Na tsaya inda muka ga hayaƙi yana tsiyaya, gora a sama. Rana a tsakiyar kai. Idona ya fara ganin duhu-duhu. Ƙasa ta fashe, ba inda nake kallo ba, taku ɗaya ta hagu. Ta fito kumatu cike, ta bi ta tsakanin ƙafafuna. Na maka wa ƙasa gora.

Na tsaya ina jiran mari. Yaya Sale ya zo, idanunsa jawur da hayaƙi.

"Ka gan ta?"

"Na gan ta."

"Babba ce?"

"Babba ce, Yaya."

Ya zauna a ƙasa. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Haruna, ka ga 'yar banzar nan? Ta fi ni, ta fi ka. Tun tana ƙoshe ta haƙa hanyar gudu. Mu fa? Gona ɗaya, sama ɗaya. An toshe mana, mun zauna muna shaƙar hayaƙi."

Muka tone ramin duk da haka. Na kwanta na zura hannu har kafaɗa na taɓo rumbunta. Gyaɗa da gurjiya kusan rabin kwano, haɗe da ƙasa. Hanne ta tsince ta wanke ta yi kunu. Ya kai mu kwana huɗu.

Ladi ba ta kai kaka ba. Kakar ma ba a yi ta ba. Bayan mun binne ta na samu motar shanu mai zuwa kudu. Na ce wa Yaya Sale ya zo mu tafi. Ya ce, "Wa zai zauna da Inna?" Ya zauna. Can kabarinsa yake.

To, da wannan a kaina na ƙarasa ramin Biskit. Yadda Ifoma ta tsara, daga keji yake fita, ya zagaya bayan gida ta cikin jarkoki goma da bokitai, ya dawo keji. Na tsaya na dube shi. Ƙofa ɗaya. Wannan ba rami ba ne, kabari ne mai ado. Hannuna ya ƙi barinsa haka. Na ƙara reshe ɗaya da gorar ruwa, na kai shi cikin wani ɗan bokiti a bayan tukunyar fulawa, na ɗora murfin ban danna ba.

Ba tausayi ba ne. Ban taɓa jin tausayin abin nan ba. Haka ake rami, shi ke nan. Ban gaya wa Ifoma ba, don ba a shelar ƙofa ta biyu. Kuma na ga wuriyar da ke jikin katanga taku biyu daga wurin, inda ruwan bayan gida ke fita. Na gan ta sarai. Na ɗauka dabba ba ta buɗe wannan ƙofa sai ta ga mutuwa.

Ifoma ta yi ta tafi tana ɗaukar hoto. Ta ce ni gwani ne. Ta ba ni lemo mai sanyi.

Bayan kwana huɗu Biskit ya ture murfin. Ba abin da ya kore shi. Ba maciji, ba wuta, ba yunwa. Iskanci kawai.

Da hantsi na ji ihun Ifoma. Keji wayam, rami wayam, murfin bokiti a ƙasa. Na duba wuriya na ga farin gashi a bakinta. Wuriyar cikin kwatar titi take zuba, kwatar kuma a rufe take da falalen kankare tun daga get ɗinmu har kwanar layi, taku arba'in. A gabas hadari ya yi baƙi ƙirin. Wannan karon ba na watsewa ba ne. In ruwan Inugu ya sauko, kwatar nan cika take har ta yi amai.

Madam ta fito a zanen gida. Ba mai yawan magana ba ce. Ta dubi sama ta dube ni.

"Malam, in ruwan nan ya sauko dabbar nan tana ciki, ka haɗa kayanka."

Ɗakin bakin get shi ne gidana. Ba ni da wani.

Ifoma ba ta yarda yana kwata ba. Ta shiga mota da direba suna zagaya unguwa tana kiran sunansa ta taga. Na kira Isiya a waya. Ya zo da baronsa yana haki.

"Tsoho, me ya faru? Ɓarayi?"

"Ɓeran Turawa ne ya shiga kwata."

Ya yi dariya har ya dafa katanga. "Yau farauta za mu yi ke nan. Rabona da ita tun ina da haƙora."

Shi ma ɗan ƙauye ne, ba sai na yi masa bayani ba. Ya ɗauki buhu ya tafi kwanar layi ya tara a bakin kwata. Na toshe wuriya da tsumma. Na tara kwali da busasshiyar ciyawa a bakin kwata ta wajen get, na kunna, na yayyafa ruwa don ya yi hayaƙi, na hau fifitawa da murfin bokiti.

Mutane suka taru. 'Yan okada suka faka. Wani ya ɗaga murya, "Ku zo ku gani, aboki zai yi suya!"

Isiya ya amsa daga can, "Kawo yajinka, oga, kai ne na farko a layi!"

Gafiya ba ta kai tsawon Fatiha bakwai a cikin hayaƙi. Na karanta bakwai. Hayaƙi ya ɓullo ta wajen Isiya. Ɓeraye biyu suka faɗa buhu, ya zazzage su. Ƙadangare ya fito. Kyankyasai suka fito rututu. Duk wani abu da aka haifa a kwatar nan ya san abin yi. Na ƙara bakwai. Babu Biskit.

Ɗigon farko ya faɗo min a wuya, mai kauri.

Na watsar da wutar da ƙafa. Na ɗauko rodi na fara ɗaga kankare. Isiya ya zo ya kama min. Kowane falle ya fi buhun siminti nauyi. Na ɗaya, babu. Na biyu, babu. A na huɗu bayana ya yi ƙara. A na shida muka gan shi.

Yana kwance a naɗe, hayaƙi na wucewa ta kansa. Hanya a buɗe take gabansa, ba abin da ya tare. Bai gudu ba, bai haƙa ba, bai ko juya ba. Ya kwanta yana jira a zo a ɗauke shi, yadda aka saba. Na ɗauko shi ta wuya. Ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen tsumma, ido na hawaye, ciki na ɗan motsi. Ko cizona bai yi ba. Da gafiya ce da ta cire min yatsa.

Daidai nan motar Ifoma ta shawo kwana. Ta ga toka, ta ga hayaƙi, ta ga jama'a, ta gan shi baƙi wuluk a hannuna.

"Gasa shi za ka yi! Wayyo Allah, cinye shi za ka yi!"

Na ce, "Anti, da cin sa zan yi da ban tara jama'a ba. Kuma babu nama a jikinsa."

'Yan okada suka fashe da dariya. Ina jin wannan maganar ce ta ƙarasa ni.

Ta fizge shi ta naɗe a gyalenta, mota ta tashi sai asibitin dabbobi. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Kafin a ce me, kwatar ta cika ta haura titi. Na nuna wa Madam da hannu. Na fitar da shi kafin ruwa, yadda ta ce. Ba ta kalli kwatar ba.

"Wa ya ce ka yi wata ƙofa?"

"Ba kowa."

"To me ya sa ka yi?"

"Haka ake yi, Madam."

Ta dube ni yadda ake duban wanda ya fara taɓuwa. "Kafin magariba," ta ce.

Kayana ba su cika buhu biyu ba. Na ce mata akwai jarka biyu da ban yanka ba, ko zan iya ɗauka.

"Kwashi shararka."

Isiya ya ɗora komai a baro. Muka taka cikin ruwa har Asata, muka iso bayan masallaci. Ya dubi kurar a ɗaure, ruwa na zuba a kanta. Ya ce, "To, Tsoho. Yau amarya ta tare."

Direban gidan ya zo wucewa bayan mako guda ya ba ni labari. Biskit ya yi kwana uku a asibiti ana masa ƙarin ruwa, da nas a kansa. Ya warke. An jefar da ramin jarka an sayo masa wani daga waje, mai ƙofa ɗaya. Na ce Allah ya ƙara masa lafiya. Ladi ko cokali ɗaya na madara ba ta samu ba. Ban faɗa wa direban wannan ba. Bai san ta ba.

Yanzu ina Asata. Ina kwana a rumfar Isiya tsakanin tarin ƙarafa. Ina tura ruwa da jarka goma, takwas fasassu da na liƙe, biyu masu ruwan ɗorawa. Damina ce, kowa ya tara bokiti a indararo, ciniki sai a hankali. Rani na zuwa. Shekarata sittin da biyu, gwiwar hagu tana gaya min a duk hawa. Da la'asar nakan zauna da gawayi da wuƙa ina liƙe wa sauran masu ruwa jarkokinsu. Aikin zaune ne. Na ranar da gwiwar za ta ƙi ne.